Kada Waya Ta Ari Bakinki Ta Ci Miki Albasa

  

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙaramin abu ne, wanda saboda ƙanƙantarsa da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun dube shi ba. In wayarki na kusa, ɗauko ta ki buɗe wurin rubuta saƙo, ki fara rubuta kowace irin kalma. Za ki ga wasu kalmomi guda uku sun jeru a saman haruffan, suna jiran ki taɓa ɗaya. In kuwa kina aiki da imel, wani lokaci kina tsakiyar jimla sai ki ga ragowarta ta fito da kanta dishi-dishi, ke dai naki ki amince. Wani lokacin ma saƙo aka aiko miki, tun ba ki yi tunanin amsa ba an riga an jera miki amsoshi, ki zaɓi ɗaya ki tura. Wannan ita ce shawarar da na'ura ke ba mai rubutu. Tambayar da za mu duba a yau ita ce, in muka daɗe muna karɓar wannan shawara, safe da yamma, shekara da shekaru, me zai sami maganarmu, me kuma zai sami hikimarmu ta tsara zance? Bahaushe ba ya son a ari bakinsa a ci masa albasa. To, yau mai neman aron bakin yana cikin tafin hannunmu.

Da farko, ta yaya waya ke sanin abin da za ki ce? Ba duba take yi ba, lissafi ne kawai. Bari mu gwada ni da ke. In na ce "bayan gaisuwa mai...", me zai biyo baya? Na san kin riga kin ce "yawa". In na ce "da fatan kina...", kin ce "lafiya". Me ya sa kika canka daidai? Saboda kin ji an faɗe su a jere sau ba adadi. To, haka ita ma na'urar take. An ɗura mata rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, ta ƙididdige wace kalma ce ta fi bin wace, sa'an nan in kin fara rubutu sai ta miƙo miki wadda ta fi yawan zuwa a wannan gurbi. Na'urorin yanzu, waɗanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, sun fi na da hangen nesa ƙwarai da gaske, amma tushen ɗaya ne. Ki riƙe wannan da kyau, don a kansa duk hirarmu za ta tsaya: abin da na'ura ke miƙo miki shi ne abin da akasarin mutane suka saba faɗa a irin wannan wuri. Hanyar da ƙafa ta fi bi take nuna miki. Ita kuwa magana mai daɗi, wadda kan zauna a zuciya, sau da yawa wadda ba a zata ba ce.

Abin ba yau ya fara ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, kuma waɗanda suka riƙe irin su Nokia 3310 za su tuna yadda ake danna maɓalli ɗaya sau uku ko huɗu kafin a sami harafi guda. Don rage wannan wahala aka sa wa wayoyin wata dabara mai suna T9, wadda wani kamfanin Amurka, Tegic, ya ƙirƙiro a shekarun 1990: ki danna kowane maɓalli sau ɗaya, ita wayar ta canki kalmar. Sai dai kalmomi da yawa maɓallansu ɗaya ne. A Turanci, kalmar book, wato littafi, da kalmar cool, wadda samari ke faɗa in abu ya burge su, duka 2665 ake dannawa. Yaro ya nufi ta biyun, waya ta fito masa da ta farkon, shi kuma ƙiwa ta sa ya bar ta a haka. Da tafiya ta yi tafiya, sai ga jaridu na ba da labarin wasu matasa a Ingila na cewa abu kaza "littafi" ne, suna nufin ya yi kyau. Mu ma nan mun ga namu. Saƙon tes harafi 160 yake ɗauka, in ya wuce a caje ki kuɗin biyu, shi ya haifar mana da slm da lfy da ngd da ykk. Wayoyin kuma ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai baƙi ya koma baki, faɗa ya koma fada, ɓari ya koma bari. Yau hira ta koma WhatsApp, ba mai ƙirga miki haruffa, masu lanƙwasar ma akwai su a waya, amma ɗabi'ar ta zauna. Kin ga ke nan kayan rubutu kan bar tabo a jikin harshe, ko bayan an ajiye su.

A watan Nuwamba na 2015 kamfanin Google ya fito da tsarin da ke karanta imel ɗin da aka aiko wa mutum, ya jera masa gajerun amsoshi guda uku. Ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikin, Greg Corrado, ya ba da labarin cewa lokacin da suke gwaji na'urar ta ɗauki wani hali: kusan duk saƙon da aka ba ta, sai ta ba da shawarar a amsa da "ina ƙaunarki" ko "ina ƙaunarka". Dalili kuwa, in ta rasa abin cewa sai ta koma kan maganar da ta fi yawan gani. Sai da suka gyara kafin su sake ta, in ba haka ba da an tara ƙura a gidaje da ofisoshi. Zuwa 2017 kamfanin ya ce kashi 12 cikin 100 na amsoshin da ake turawa daga manhajarsa ta Inbox a waya, na'ura ce ta tsara su. A 2018 suka ƙaro wadda ke ƙarasa wa mutum jimla yana cikin rubutu. Sai kuma ranar 30 ga Nuwamba 2022 ChatGPT ya fito, shi kam wasiƙa sukutum zai rubuta miki, ko labari, ko waƙa, da Hausa ma in kin nema.

Kafin mu ci gaba, a ba kowa haƙƙinsa. Wannan abu yana da amfani, kuma mu mata muna cikin waɗanda suka fi morarsa. Ga wadda karatunta bai yi nisa ba, tana jin nauyin rubutu don kada a yi mata dariya, yanzu waya na gyara mata kuskure. Ga mai sana'ar cincin ko turaren wuta, masu ciniki ashirin na jiran amsa, hannu ɗaya a cikin kwaɓi. Ga tsohuwa da idonta ya yi rauni. Ga wadda za ta rubuta takardar neman aiki da Turanci, ba ta da wanda zai duba mata. Duk waɗannan na'ura ta share musu hawaye. Don haka ba cewa nake a jefar da waya ba. Abin da nake so shi ne mu san abin da muke biya, tunda ba a karɓar kuɗi a hannunmu.

Wata za ta ce, to mene ne sabo a nan? Kakanninmu da yawa ai ba su suke rubuta wasiƙunsu ba. Ɗan makaranta ake kira ya shigo cikin gida, ko a je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, kuma kusan duk farkonsu iri ɗaya ne: takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga wane, bayan gaisuwa mai yawa. Wannan gaskiya ne. Amma ki lura da bambancin. Shi mai rubuta wasiƙa ɗan gari ne, Hausarku ɗaya. Sai kin gama faɗin abin da ke ranki yake ɗora alƙalami, in ya gama ya karanta miki, ki ce a'a, ba haka na ce ba, goge. Sa'an nan kowane gari da nasa marubucin. Ita kuwa na'ura guda ɗaya ce ke yi wa miliyoyin mutane aiki daga gabas har yamma, kuma riga ki magana take yi. Abin da ta miƙo miki sau da yawa kusa yake da abin da kike nufi, ba shi ne daidai ba. Ga hannu ya gaji, ga yaro na kuka, ga tukunya a kan wuta, sai ki ce ai duk ɗaya ne, ki taɓa. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma da yayyafi kogi kan cika.

Masana sun auna wannan abu, bari in kawo muku kaɗan daga abin da suka gano. A 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, Kenneth Arnold da abokan aikinsa, sun ba mutane hotuna su rubuta bayanin abin da suka gani, wani lokaci waya na ba su shawarar kalmomi, wani lokaci babu. Da aka gwada, sai aka ga bayanin da aka yi da shawarar waya ya fi gajarta, kuma kalmomin da na'ura ba ta zata ba sun ragu a cikinsa. Da Turanci aka yi wannan gwaji, amma mu tsaya mu yi tunani, a Hausa waɗanne kalmomi ne irin waɗannan? Su ne gishirin maganarmu. Mu ba ma cewa zane ja mu yi shiru, sai mun ce ja wur. Fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, sabo fil. Ruwan sama ma, akwai yayyafi, akwai marka, akwai wanda ake yi kamar da bakin ƙwarya. Wadda ta saba karɓar abin da aka miƙo mata, duk waɗannan za su koma "an yi ruwa". Maganar ba ƙarya ba ce, amma wanda ya karanta bai ji sanyin ruwan a jikinsa ba.

Bincike na biyu ya shafi marubuta, kuma na san a cikin masu sauraronmu akwai 'yan mata da matan aure da yawa da ke rubuta littattafansu a waya suna rarrabawa. A watan Yuli na 2024 aka buga aikin wasu malamai biyu a Ingila, Anil Doshi da Oliver Hauser. Sun sa mutane kimanin 300 kowa ya rubuta ɗan gajeren labari mai jimla takwas. Wasu da kansu suka ƙago, wasu an ba su damar neman dabara ɗaya daga na'ura, wasu har biyar. Sa'an nan aka ba wasu mutane 600 su karanta su yi alƙalanci. Sakamakon fuska biyu gare shi. Labaran da aka yi da taimakon na'ura an ce sun fi daɗi da tsari, musamman na waɗanda dama hikimarsu ba ta da yawa. Gwanayen kuwa kusan ba abin da ya ƙara musu. Amma da aka jera labaran gefe da gefe, sai aka tarar waɗanda na'ura ta sa wa hannu sun fi kama da juna. Uwargida, wannan ai kin san shi a madafa. Zuwan ɗanɗanon dunƙule ya rufa wa amare da yawa asiri, wadda ba ta iya miya ba ta jefa biyu ta tsira da mutuncinta. Amma tsofaffi na yawan cewa a da da ɗanɗano ake gane miyar gidan wane, saboda daddawar kowa da irin haɗinta, yau kuwa ki ci a gida biyar ki ji baki ɗaya. Kowace tukunya ta gyaru, amma unguwa ta yi asarar bambancin. Haka rubutu ke neman komawa.

To, in duk miya za ta koma ɗanɗano ɗaya, ɗanɗanon wa za ta ɗauka? Nan ne bincike na uku ya shigo. Masana a Jami'ar Cornell ta Amurka sun gabatar da shi a 2025. Mutum 118 suka ɗauka, wasu Amurkawa wasu Indiyawa, aka ce kowa ya yi rubutu da Turanci a kan abubuwa kamar abincin da ya fi so, da bikin da ya fi so, da shahararren mutumin da ke burge shi. An ba rabinsu na'ura mai ƙarasa jimla. Sai ga shi in an zo kan abinci na'urar ta fi miƙo fiza, in an zo kan biki ta miƙo Kirsimeti. Ba'indiye ya danna harafin farko zai rubuta Shah Rukh Khan, wanda ko a nan ƙasar Hausa ba ya bukatar gabatarwa, sai ta miƙo masa sunan ɗan ƙwallon kwandon Amurka Shaquille O'Neal, ko 'yar fim Scarlett Johansson. A ƙarshe rubutun Indiyawan da suka yi aiki da na'urar ya karkata ya yi kama da na Amurkawa, ƙananan bayanan da ke nuna al'adarsu suka ragu. Jama'a, wannan Indiya ce fa, ƙasa mai mutane fiye da biliyan ɗaya, wadda rubutunta ya cika intanet. Ina ga mu?

Mu dawo gida. Mun ce na'ura daga abin da aka rubuta take koyo. To, wace Hausa ce a rubuce? Kaso mai yawa na Hausar da ke intanet labaran siyasa ne da wasanni da fassarar rahotanni, kuma da daidaitacciyar Hausa ake yin su, wadda aka gina a kan karin Kano. Basakkwaciyar da ke cewa "shina tahiya", na'ura za ta ɗauka kuskure ta yi, ta miƙo mata "yana tafiya". Haka Bakatsiniya, haka Bazazzagiya, haka 'yar Damagaram. Sa'an nan akwai wata Hausar da ta fi kowace ƙarancin shiga takarda, ita ce Hausar cikin gida, wato tamu. Hausar reno da tatsuniya, ta wankan jego da kunun kanwa, ta kamu da sa lalle da buɗar kai, ta habaici da zaurance. Na'ura ba ta san alkunya ba. Ba ta san me ya sa uwa ba za ta rubuta sunan ɗanta na fari ba, ko me ya sa mace ke cewa "maigidan" ko "malam". Dubi yadda kalmar anti ita kaɗai ta kusa cinye gwaggo da inna da iya a birane, tun ma na'ura ba ta sa baki ba. Alhali gwaggo daban, inna daban, kowacce da matsayinta ranar biki. Kalmar da ba a rubuta ba, na'ura ba za ta koya ba. Wadda ba ta koya ba, ba za ta miƙo wa 'yarki ba. Wadda 'yarki ba ta gani ba, ba ta kuma ji a bakinki ba, jikarki ba za ta san da ita ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa wani ma'aikacin Google ya rubuta cewa zai gana da wani mai zuba jari, bai faɗi mace ce ko namiji ba, sai na'urar ta ƙarasa masa da tambayar ko kana so ka gan shi. Wato a lissafinta, mai kuɗin zuba jari namiji ne, don haka ta fi gani a rubuce. Da suka kasa samun gyaran da ya gamsar da su, sai kamfanin ya hana ta ba da shawarar "shi" ko "ita" gaba ɗaya. A Turanci ana iya wannan zillewa. A Hausa fa? Mu da wuya mu yi jimla ba "ya" ko "ta", ba "ka" ko "ki". In kin rubuta "na je wurin likita sai...", dole ta zaɓi ɗaya. In kullum likita "ya ce", shugaba "ya zo", mai shara kuma "ta tafi", to 'yarki na karanta wani darasi a ɓoye wanda ba ke kika koya mata ba.

Abin bai tsaya ga kalmomi ba, har ra'ayi yana taɓawa. A 2023 Maurice Jakesch da abokan aikinsa sun sa mutane 1,506 su rubuta ra'ayinsu a kan ko kafafen sada zumunta alheri ne ga al'umma. Wasu an ba su na'ura mai taya rubutu wadda aka karkatar da gangan ta riƙa yabo, wasu kuma wadda aka karkatar ta riƙa kushe. Rubutun mutanen ya bi inda na'urar ta karkata. Abin da ya fi ban tsoro, da aka tambaye su ra'ayinsu daga baya, shi ma ya gusa zuwa can, kuma da yawansu ba su lura an ja su ba. Dalilin a fili yake: in wani ya yi miki jayayya kina iya ja da shi, amma jimlar da kika ƙarasa da yatsanki, gani kike taki ce.

Daga rubutu kuma sai ya gangaro baki. Akwai wata kalmar Turanci, delve, ma'anarta a zurfafa bincike, wadda ChatGPT ya riƙa yawan amfani da ita. Masana a Jami'ar Tubingen ta Jamus sun duba taƙaitattun bayanan binciken likitanci fiye da miliyan 15, suka ga ita da wasu kalmomi irinta sun yi tashin gwauron zabo bayan fitowar ChatGPT, har suka ƙiyasta cewa aƙalla kashi 13.5 cikin 100 na bayanan 2024 na'ura ta sa musu hannu. Wasu masanan kuma a cibiyar Max Planck da ke Berlin sun saurari jawaban ilimi da aka ɗora a YouTube, suka tarar irin waɗannan kalmomi sun ƙaru a bakin masu magana. Wato mutum ya koya wa na'ura magana, yanzu ya dawo yana kwaikwayonta. Labarin har ya taɓo mu. A watan Afrilu na 2024 wani fitaccen mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya ce in ya ga wannan kalma a saƙo alama ce na'ura ce ta rubuta. Nan take 'yan Nijeriya da yawa suka yi masa ca, suka ce su tun a makaranta suka san ta. Kin ga wata asarar ke nan: wanda ya yi da guminsa ma an fara zarginsa.

Wannan zargi kuwa yana shiga har cikin zumunci. Wani binciken na Jami'ar Cornell da aka buga a 2023 ya nuna cewa masu hira da amsoshin na'ura sun fi saurin amsawa, maganarsu ta fi fara'a, abokin hira ma ya fi jin daɗinsu. Amma da zarar abokin hirar ya yi zaton na'ura ce ke amsa masa, sai darajarsu ta ragu a idonsa. Ki auna da kanki. An yi miki rasuwa, aminiyarki ta turo miki ta'aziyya doguwa mai tsari, sai kika ga irinta sak, kalma da kalma, daga mutum uku. Wata kuma ta turo layi biyu, har da kuskuren rubutu, amma ta tuna ranar da marigayiyar ta yi muku danwake kuna yara. Wacce za ta sa ki hawaye? Zanen aro ba ya rufe katara.

To, mene ne abin yi? Ga 'yan shawarwari, kuma duk a hannunmu suke.

Na farko, ki fara faɗin naki. Duk abin da za ki rubuta mai muhimmanci, labari ne ko wasiƙa ko jawabin walima, ki zuba shi da kalmominki tukuna, ko da a hargitse, sa'an nan ki nemi na'ura ta duba miki kuskure. Kamar mai aiki ce a gida: ke za ki ce ga abin da za a dafa, ita ta taya ki yanka albasa. In kika bar ta ta fara, duk abin da kika yi bayan nan gyaran nata ne.

Na biyu, ki shiga saitin wayarki ki ƙara Hausa a cikin harsunan rubutu. Allon rubutu na Gboard da ake samu a wayoyin Android yana da Hausa, har da ɓ da ɗ da ƙ. In kuma waya na yawan mayar miki da kalmar Hausa ta Turanci mai kama da ita, akwai wurin kashe gyaran da take yi da kanta. In ba ki gane wurin ba, ki ba yaran gida, minti biyu ya ishe su.

Na uku, kafin ki tura, ki karanta a fili ki tambayi kanki, ni haka nake magana? In kin ji muryar wata ce, ki goge.

Na huɗu, akwai saƙonnin da ba a wakilci a cikinsu: ta'aziyya, ban haƙuri, barka da haihuwa, maganar da ke tsakaninki da maigida. In rubutu ya yi miki nauyi, ki danna ki yi da murya. Muryarki da Hausar garinku sun fi kowace jimla mai tsari.

Na biyar, yara. In an ba 'yarki aikin insha'i a makaranta, kafin ta taɓa waya ki ce ta ba ki labarin da baki. Ki tambaye ta, daga nan sai aka yi yaya? Wane irin ja? Me ta ce da ta gan shi? Da irin waɗannan tambayoyi hikima ke tsiro. Kada kuma tatsuniyar dare ta mutu a gidanki, don a nan ne yaro ke fara jin yadda ake sarrafa magana.

Na ƙarshe, ga 'yan'uwa marubuta. Ku rubuta da Hausar da kuka tashi da ita, ku sa kalmomin kakanninku a bakin taurarinku, ko da waya ta ja musu jan layi. Abin da kuka rubuta yau shi ne abin da na'urorin gobe za su koya. In muka cika intanet da Hausar da na'ura ta tsara mana, gobe za ta koyi abin da ita ta rubuta, miya ta ƙara salancewa. In kuwa muka zuba tamu, ko ba komai ta san da zamanmu.

Masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Ga ɗan aikin gida kafin mako mai zuwa: kowacce ta tuno kalma ɗaya ko salon magana ɗaya da ta ji a bakin kakarta ko gwaggonta, wanda yanzu ta daina ji. Ki rubuta shi, ki faɗa wa 'ya'yanki ma'anarsa, sa'an nan ki aiko mana da shi tare da sunan garinku, za mu karanta a cikin shiri don 'yan'uwa na wasu garuruwa su ji ko su ma suna da shi. Sai Allah ya kai mu. A gaida yara, a gaida maigida, ku huta lafiya.